Yadda Ake Canza Kalifar Birkin Mai a Keken Tsauni, Mataki-Mataki

Tun da damina ta kankama, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da maganar nan ba, ko a bakin masallaci a Agege ko ta waya: "Malam, birkin keken nan yana yoyon mai ta ƙasa, ya ake canza kalifar?" Yawancin masu tambayar kekunan tokunbo gare su, waɗanda suka riga suka sha aiki a Turai kafin su iso nan su haɗu da ruwan Legas da iskar gishiri ta Lekki da Badagry. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a tsaitsaye, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Kalifa ita ce ƙarfen nan da ke zaune a kan faifan birki, mai ɗauke da fistin da fad a ciki, fistin ne ke tura fad su matse faifan. Cire ta da ɗaura wata ba wani abu ba ne, noti biyu ne da tiyo ɗaya. Inda aiki ke lalacewa wuri uku ne: man da aka zuba, man da ya taɓa fad, da iskar da aka bari a ciki. A kansu zan fi daɗewa. Na gina bayanin a kan birkin kamfanin Shimano saboda shi ya fi yawa a hannun mutanenmu, inda na kamfanin SRAM ya bambanta zan faɗa.

Mataki na 1: Tabbatar kalifar ce ta mutu

Cire ƙafar keken, zare fad ɗin, ka wanke kalifar tas, ka sa wani abu mai kauri tsakanin fistin ɗin, ka matse hannun birki da ƙarfi na kamar minti ɗaya. Sai ka duba. In mai ya jiƙa gefen fistin, ko ka ga fistin ya tsage, ko tiredin wurin cire iska ya cinye, ko jikin kalifar ya fashe, to ta gama yayi. In kuwa man daga wurin da tiyo ya shiga yake fitowa, notin ne ya saki ko zoben cikinsa ya gaji, kalifar lafiyarta lau.

Hannun birki mai laushi kamar soso, ba tare da yoyo ba, iska ce kawai. In fistin ɗaya na fita ɗayan kuma yana nawa, yawanci laka ce. Auduga da ɗigon man birkin kan gyara shi. Na sha ganin wanda ya sayi sabuwar kalifa alhali wanki kawai tsohuwar ke nema. Wani abu kuma: SRAM da Hope suna sayar da robobi da fistin na gyara, amma Shimano ba ta saba sayar da su ba, shi ya sa in tata ta fara yoyo canjawa ake yi.

Mataki na 2: Sayen wadda ta dace

Nan ne kuɗi ke salwanta. Kafin ka fita kasuwa ka san abu huɗu.

Na farko, mai. Duba murfin da ke kan hannun birkin, a rubuce yake. Shimano da Tektro da Magura man minaral suke sha. Hope da Hayes da mafi yawan SRAM man DOT suke sha, irin DOT 4 ko DOT 5.1, ko da yake wasu sababbin SRAM kamar DB8 da Maven sun koma minaral. Sabuwar kalifa dole ta zama mai shan irin man da hannun birkinka ke sha, kuma mafi sauƙi ka tsaya a kamfani ɗaya.

Na biyu, mazaunin noti. Ɗauki ma'auni ka auna tsakanin ramukan biyu. Milimita 74 shi ne wanda ake rubutawa PM, kusan duk kekunan tsauni na yanzu shi ne da su. Milimita 51, wanda notin ke shiga ta gefe, shi ne IS, na tsofaffin kekuna, kuma yana karɓar kalifar PM in akwai adafta, wato ɗan ƙarfen da ake sawa tsakanin kalifa da jikin keke. Milimita 34 shi ne FM, na kekunan tsere ne galibi. Kalifar PM ta gaba da ta baya abu ɗaya ce, adafta da tsawon tiyo ne suka raba su, don haka kada wani ya ƙara maka kuɗi da sunan "ta baya ce".

Na uku, yadda tiyo ke shiga. Wasu kalifofin tiyo kai tsaye yake shiga da noti mai rami a tsakiya, irin Shimano MT200 da Deore M6100. Wasu kuma tiyon yana ƙarewa da zoben ƙarfe da noti ke ratsawa, wanda ake kira banjo, irin SLX M7100 da XT M8100. In tiyonka na kai tsaye ne ka sayo kalifar banjo, sai ka sayi sabon tiyo ma. Tiyon Shimano kuma iri biyu ne, BH59 da BH90, a rubuce yake a jikinsa. Ɗan bututun ƙarfen da ake cusawa a bakinsa ya bambanta: na BH59 ruwan zinariya, na BH90 ruwan azurfa. Ka karanta tiyonka kafin ka saya.

Na huɗu, faifan. Wasu faifan Shimano masu araha an rubuta musu cewa fad mai laushi kaɗai suke ɗauka, kada ka sa musu na ƙarfe. Ka kuma auna kaurinsa: sabon faifan Shimano milimita 1.8 ne, in ya kai 1.5 ya ƙare, canza shi tare da kalifar.

Batun kuɗi: farashin kayan nan dala yake bi, wanda na faɗa yau ba zai kai wata mai zuwa ba. Abin da za ka yi shi ne ka haɗa lissafi: kalifa, zoben tagulla da ke matse bakin tiyo da bututunsa, mai, mazurari da sirinji, da fad in ba ta zo da shi ba. Sai ka tambayi kuɗin cikakken birki, wato hannu da tiyo da kalifa a haɗe da mai a ciki. A ƙananan birki irin MT200 sau da yawa tazarar ba ta da yawa, kuma cikakken ya huce maka cire iska in tsawon tiyon ya yi daidai. A manyan birki ne sayen kalifa kaɗai ke da riba sosai. In ta Jiji ko Jumia za ka saya, nemi hoton lambar da ke jikin kalifar, ba hoton kwali ba. In ta gwanjo ce, tura fistin ɗin da yatsa ka ga suna motsi, ka leƙa tiredin da tocila.

Mataki na 3: Kayan aiki

Alanki mai lamba 5 don notin kalifa, da ƙananan, 2, 2.5, 3 da 4. Sifana mai lamba 8 ta notin tiyo, da mai lamba 7 ta wurin cire iska. Mazurarin Shimano mai tiredi, sirinji da ɗan tiyon roba mai haske, da toshin robar da ake sawa a madadin fad, ruwan ɗorawa ne a na Shimano. Wuƙa mai kaifi ko abin yankan tiyo. Sipirit daga kemis, tsumma mai tsabta guda uku, da safar hannu. Kwalbar mai ta mililita 100 ta ishe ka har ta yi saura. In kana da sifanar awon ɗauri, madalla.

Alanki da sifana ana samunsu a Ladipo, kasuwar kayan mota, da ma duk wani shagon kayan ƙarfe. Amma a nan ne zan ja kunne.

Hattara: man birkin mota da ke cike da Ladipo DOT ne. In ka zuba shi a birkin minaral, robobin ciki za su kumbura su lalace, daga kalifa har hannu. Ni ma abin ya taɓa cina. Na bar keke wurin wani mai gyara a bakin titi, na ce ya ƙara mai, ya ɗauko na mota ya zuba da kyakkyawar niyya. Kwana kaɗan hannun ya daina dawowa, ƙarshenta duk birkin na zubar. Haka nan man keken ɗinki da man jarirai da baƙin mai, ko ɗaya ba man birki ba ne, komai rantsuwar mai sayarwa.

Mataki na 4: Shirya wuri, kau da fad

Ɗauki hoton kalifar da wayarka ta gefe biyu, yadda za ka ga jerin wosha da inda adafta ta fuskanta. Za ka gode wa hoton nan daga baya. Rataye keken ko ka jingine shi yadda ba zai motsa ba, amma kada ka kifa shi ƙafafu sama, iskar da ke cikin ma'ajin mai za ta shiga cikin tiyo. Cire ƙafar, ka kai ta nesa, can wani lungu. Zare fil ɗin da ke riƙe fad a sabuwar kalifa, ka cire fad ɗin da sifirin ɗinsu, ka sa a leda ka ƙulle. Sa toshin robar a gurbinsu.

Hattara: ɗigo ɗaya na mai a kan fad ya gama da shi. Fad yana shan mai kamar yadda burodi ke shan shayi. Ƙona shi a wuta ko goge shi da samfefa ba ya dawo da shi yadda yake, kuka zai yi ta yi kuma ba zai kama ba.

Mataki na 5: Raba tiyo da tsohuwar kalifa

Sassauta notin tiyon tun kalifar tana ɗaure a jikin keke, ya fi sauƙin murɗawa. Shimfiɗa tsumma a ƙasa. Kada ka buɗe komai a hannun birkin tukuna. Muddin saman a rufe yake, man ba zai zubo da yawa ba, kamar yadda ruwa ke tsayawa a tsinken shan lemo in ka toshe bakinsa da yatsa. Kwance notin da sifana mai lamba 8, ka ja tiyon da ɗan ƙarfi, ka ɗaga bakinsa sama ka ɗaure da roba a jikin keke. Sannan ka kwance notin kalifa biyu da alanki mai lamba 5.

Hattara: daga yanzu har ka haɗa tiyo, kada kowa ya taɓa hannun birki. In akwai yara a tsakar gida, ɗaure masa tsumma don ya zama alama. In birkinka na DOT ne, duk inda ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa nan take, yana cin fenti, yana kuma ƙona fata.

Mataki na 6: Haɗa tiyo da sabuwar

In banjo ne, aikin gajere ne. Sa sababbin zoben roba biyu, ɗaya kowane gefe, ka shafa musu ɗan man birkin, ka ɗaura notin daidai ƙarfin da takardar kalifar ta nuna. Kafin ka ƙarasa ɗauri, juya banjon yadda tiyo zai bi jikin keke ba tare da ya lanƙwashe ko ya kusanci faifai ba.

In na kai tsaye ne, sai an yi haƙuri. Tsohon zoben tagullar ya riga ya matse a jikin tiyo, ba a sake amfani da shi, ko da kuwa ya yi kamar sabo. Yanke tiyon a bayansa kaɗan, abin da zai tafi bai fi santimita ɗaya da rabi ba. Kafin ka yanka, juya kan keken hagu da dama har ƙarshe ka ga tiyon zai isa. Yankan ya zama a miƙe sak. In ya karkace, sake yi. Kada ka yi da filaya, tana murƙushe bakin.

Jerin sawa kuwa: fara zura notin, sai sabon zoben tagulla, sannan ka cusa ɗan bututun ƙarfen a bakin tiyo har kansa ya zauna daf, babu tazara. In ba ka da abin cusawa, riƙe tiyon tsakanin katako biyu ka riƙa buga shi a hankali da ƙaramar guduma. Mutane da yawa sai sun gama cusawa su tarar notin yana ƙasa yana kallonsu. Tura tiyon cikin kalifa har ka ji ya tokare, ka ci gaba da tura shi da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaura notin. Ƙarfin ɗaurin Shimano a nan 5 zuwa 7 Nm ne, wato awon da sifanar awon ɗauri ke nunawa. Da ka gama, fizgi tiyon da ƙarfi. In ya motsa, zoben bai kama ba.

A SRAM bututun murɗa shi ake yi da makulli mai tauraro T8, ba bugawa ba, kuma kayan haɗinsa ba sa shiga na Shimano.

Mataki na 7: Cire iska

Sabuwar kalifa iska ce cike da ita, don haka wannan matakin ba a tsallake shi. Dabarata ita ce kada in ɗaura kalifar tukuna. Ina barinta tana reto a ƙasa, yadda tiyo zai miƙe daga ita har hannu, domin iska sama take nema. In na baya ne, ɗaga gaban keken.

Sassauta hannun birkin ka juya shi ya kwanta daidai da ƙasa. Cire ɗan notin da ke samansa tare da zoben robarsa, ka ajiye a murfin kwalba don ba a ganinsa in ya faɗi. Murɗa mazurari a ramin, da hannu kawai. Cika sirinji da mai, ka ɗaga bakinsa ka fitar da kumfar ciki, ka haɗa tiyonsa da bakin cire iska na kalifa. Buɗe bakin kaɗan, bai kai rubu'in juyi ba. Wasu da sifana mai lamba 7 ake buɗewa, irin MT200 da alanki mai lamba 3. Tura man a hankali. Za ka ga yana tasowa a mazurari, da fari da kumfa, wataƙila baƙi ƙirin in tsoho ne. Ci gaba har ya fito garau, sai ka rufe bakin.

In man mazurarin ya yi datti, toshe shi, zubar, ka zuba sabo. Yanzu cire sirinjin ka bar tiyon robar ya sauka cikin leda ko kwalba. Sake buɗe bakin, man zai riƙa gangarowa da kansa. Riƙa ƙwanƙwasa kalifar da tiyon da ƙotar sukudireba, kana juya kalifar gefe da gefe, don kumfar da ta maƙale bayan fistin ta saki. Idonka na kan mazurari: in ya ƙafe ya zuƙi iska, ka koma farko. Da kumfa ta daina fita, rufe.

Sai ka matse hannun birki ka riƙe, ka buɗe bakin ka rufe cikin ƙiftawar ido, sau biyu ko uku, kana sakin hannun bayan kowace rufewa. Ɗaure bakin sosai. Daga nan riƙa matsa hannun kana sakinsa da sauri, za ka ga ƙananan kumfa na tashi a mazurari. Karkata hannun sama kaɗan ka maimaita, karkata shi ƙasa ka maimaita. Kada ka gaji a nan. Kumfar ƙarshen nan ita ce ke sa birki ya yi lafiya a gida, ya ɓace maka a gangaren gada da danfo a gabanka. In hannun ya yi tauri tun kafin ya kai rabin tafiya, ka gama. Toshe mazurari, cire shi, ramin ya kasance cike da mai har baki, mayar da notin da zobensa. Ɗauri kaɗan ya isa, tiredinsa ba ya jure ƙarfi.

Hattara: kada ka cire iska da fad a ciki. Bayan haɗarin mai, in fad ɗin ya ɗan ci za ka cika mai fiye da ƙima, ranar da ka sa sabon fad ƙafa ba za ta shiga ba. SRAM mai DOT kuma sirinji biyu yake buƙata, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma sirinjin da ya taɓa DOT ba ya komawa minaral.

Mataki na 8: Wanki, ɗauri da saiti

Wanke kalifa da hannu da tiyo da sipirit, ka goge da sabon tsumma. Wanke hannunka da sabulu kafin ka buɗe ledar fad. Cire toshin, sa fad da sifirin, mayar da fil, in mai lanƙwasawa ne ka lanƙwasa bakinsa. Goge faifan da sipirit shi ma. In tsohuwar kalifar ta daɗe tana yoyo, goge shi sau uku. Mayar da ƙafa, ka tabbata aksil ya zauna daram kafin ka ɗaure.

Ɗora kalifar yadda hoton ya nuna. In akwai adafta, kibiyar jikinta sama take kallo. Ɗaura notin biyu sako-sako yadda kalifar za ta iya motsi. Matsa hannun birki sau da yawa har fad su iso faifai, sai ka matse ka riƙe, ka riƙa ɗaura notin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan, har su kai 6 zuwa 8 Nm. In ka ɗaure ɗaya gaba ɗaya kafin ɗayan, kalifar za ta murɗe. Ramin notin a alminiyam yake, in ka cinye tiredinsa gyaran ya fi kuɗin kalifa.

Juya ƙafar ka saurara. In tana goga ko da yaushe, ajiye farar takarda a ƙasa ko ka haska tocila, ka leƙa ta saman kalifa, ka sassauta noti ɗaya ka gyara da ido har haske ya bayyana ta gefe biyu. In gogar lokaci-lokaci ce, tsit-tsit a wuri ɗaya, faifan ne ya lanƙwashe. Nemo wurin ka miƙe shi a hankali da sifana mai tsabta. Duba kuma fad yana cin faifai a inda ya dace. In saman fad ya wuce bakin faifan, adaftar ba ta girman faifanka ba ce, kamar ta faifai mai faɗin milimita 180 ce aka sa wa mai 160. Mayar da hannun birki inda yake, ka ɗaure tiyo a mariƙansa.

Mataki na 9: Gwaji da zaunar da fad

Ɗaure hannun birki a matse da roba, ka bar shi ya kwana. Da safe shafa farar takarda a mahaɗin tiyo da bakin cire iska da gefen fistin. Ko alamar mai kada ka gani.

Sabon fad ba ya kamawa sosai sai an zaunar da shi. Nemi layi marar cunkoso, safiyar Lahadi ta fi, kuma ranar da ba a yi ruwa ba. Ɗauki gudu matsakaici, ka taka birkin da ƙarfi har ka dawo tafiyar ƙafa, ka saki kafin keken ya tsaya cak. Yi haka kamar sau 20, da birkin da ka gyara kaɗai. Wajen na goma za ka fara jin cizonsa yana ƙaruwa. In na gaba ne, ja jikinka baya, kada ya kifar da kai.

In bayan haka yana kuka mai tsini kuma ba ya tsayawa, mai ya taɓa fad: sabon fad, ka sake wanke faifai. In hannun yana tauri idan ka matsa sau uku a jere amma ya yi laushi a matsar farko, iska ta rage, koma mataki na 7 daga wurin ƙwanƙwasawa. In kuwa ka riƙe shi a matse yana nitsewa a hankali har ya taɓa kan keke, kuma babu yoyo ko'ina a ƙasa, robar cikin hannun ce ta gaji, sai ka nemi wani hannun birkin.